Shiga tasi da jariri a Landan: baƙar tasi, motar manhaja, ko jirgin ƙasa?

Iyalin da suka sauka a filin jirgin saman Heathrow ko na Gatwick da jariri a hannu, ko ganin likita ya kawo su, ko karatu, ko ziyarar 'yan'uwa, sukan tarar da shawara tana jiransu tun ba su fita daga ginin filin ba: da wace mota za a shiga gari, kuma ina jaririn zai zauna a cikinta? Mafi yawanmu ba mu saba ɗaukar wannan a matsayin abin tunani ba, domin abin da muka gani tun muna yara shi ne uwa ta kwance goyo a bakin mota, ta zauna a baya, ta ɗora yaron a cinya, direba ya ja. Abin da ke ƙara rikita al'amarin shi ne dokar Birtaniya ma ta bar ƙofar yin haka a cikin tasi, don haka baƙo yakan ɗauka cewa tunda hukuma ta yarda, babu wata illa. Yardar doka daban, tsaron lafiyar yaro daban, kuma duk kwatancin da zai biyo baya a kan wannan bambanci ya ginu.

Asalin ƙa'idar ita ce dole yaro ya zauna a kujerar mota ta yara har sai ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Sassaucin da aka yi wa tasi mai lasisi da motar haya mai lasisi shi ne, idan direban ba shi da kujerar da ta dace, yaro zai iya tafiya ba tare da ita ba, muddin a baya ya zauna. Ɗan shekara 3 zuwa sama ya ɗaura bel ɗin manya, wanda bai kai shekara 3 ba kuwa ya tafi ba bel. An yi wannan ne saboda ba zai yiwu a tilasta wa kowane direban tasi ya riƙa yawo da kujeru iri-iri na kowane girman yaro ba. Akwai kuma abin da ke kama mutanenmu da yawa: sassaucin bai shafi motar gida ba. Idan yaya ko kawu da ke zaune a Peckham ko Barking ya ce zai zo ya ɗauke ku da motarsa, to dole a samu kujerar jariri a ciki, in ba haka ba shi direban ne ya karya doka, kuma tarar tana iya kaiwa fam 500 idan maganar ta je kotu. Ya kamata a faɗa masa wannan tun ana Abuja ko Legas, kada a bari sai an haɗu a wurin ajiye motoci ana kallon juna.

Dalilin da ya sa cinya ba ta isa ba lissafi ne mai sauƙi. Ƙungiyar RoSPA mai aikin kare haɗurra a Birtaniya ta bayyana cewa idan mota ta yi karo tana gudun mil 30 a awa, wato kusan kilomita 48, yaron da ba a ɗaure ba yakan yi gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 30 zuwa 60. A ɗauki jariri mai kilo 8, a ninka sau 30 kawai, an samu kilo 240, kusan buhun siminti biyar da za a fizge daga hannun mace a cikin ƙiftawar ido. Babu uwar da ƙauna ko ƙarfin damtse zai ba ta ikon riƙe wannan. Wasu sukan yi dabarar jawo bel su zagaye kansu da jaririn gaba ɗaya, suna ganin sun ƙara masa kariya, alhali wannan ya fi muni, domin idan aka yi karo nauyin babban ne zai matse yaron a jikin bel ɗin. Haka nan majanyin zamani da ake rataya yaro a ƙirji ba a yi shi don karo ba. Maɗaurinsa na iya tsinkewa, kuma kan uwa da ƙirjinta za su faɗo ne daidai inda yaron yake. Idan dole ta sa an riƙe jariri a hannu, babban ya ɗaura bel a jikinsa shi kaɗai, yaron yana wajen bel ɗin.

Ginin jikin jariri ma yana da nasa hukuncin. Kansa babba ne ƙwarai idan aka gwada da sauran jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba, shi ya sa kujerar jarirai take kallon baya, domin a lokacin karo bayan kujerar ya tallafi kai da wuya da gadon baya a tare, maimakon kan ya yi gaba shi kaɗai ya ja laka. A tsarin kujerun da ake auna su da tsawon yaro, wanda ake kira i-Size, doka ta wajabta yaro ya kalli baya har ya wuce wata 15.

Baƙar tasin Landan ita ce ta fi burge mai jariri a kallon farko, kuma tana da hujja. Ita kaɗai ce aka yarda a tsayar a kan titi idan fitilar rufinta tana kunne, ko a shiga a layin tasi na filin jirgi da tashoshi ba tare da an yi oda ba. Kowace ɗaya an ƙera ta yadda keken guragu zai shiga, tana da faffaɗar ƙofa da gadar da ake zarowa zuwa ƙasa, saboda haka ana iya tura keken jariri ciki kai tsaye ba a naɗe shi ba, ba a kuma tashi yaron daga barci ba. Wanda ya taɓa tsayawa a cikin yayyafin Landan yana kokawar naɗe keke da hannu ɗaya, jariri na kuka a ɗayan, ya san darajar wannan. Sabon samfurin mai lantarki na kamfanin LEVC yana ɗaukar fasinja shida, uku a kujerar baya, uku a kujerun da ake saukewa masu kallon baya. Direbobin kuma sai sun ci jarrabawar sanin titunan gari da ake kira Knowledge, wadda ta samo asali tun 1865, ta ƙunshi titunan da ke cikin mil 6 daga Charing Cross, kuma takan ci mutum shekara uku zuwa huɗu. An yarda su bi yawancin layukan da aka keɓe wa bas, abin da ke rage zaman cunkoso, kuma tun 2016 wajibi ne su karɓi kuɗi ta kati.

Sai dai a nan ne ake yawan yaudarar kai. Keken jariri da aka tura cikin tasi ba kujerar mota ba ne, ba a gwada shi a karo ba, kuma madaurin da ke cikinsa an yi shi ne don kada yaro ya zame a kan hanya, ba don ya jure fizgar haɗari ba. Masu yin haka sukan danne birkin keken, su juya shi yaron yana kallon baya, su jingina shi da bangon da ya raba direba da fasinja, su cire jaka da duk wani kaya mai nauyi da ke rataye a hannunsa, su kuma riƙe shi. Wannan yana taimakawa idan direba ya taka birki da ƙarfi ko ya sha kwana, amma ba zai yi abin da kujera za ta yi ba idan aka yi karo na gaske. A ganina hanya ce da za a iya haƙuri da ita a gajeriyar tafiya a tsakiyar gari, kamar daga masauki a Edgware Road zuwa wurin likita a Harley Street, inda iyakar gudu a yawancin tituna mil 20 ce a awa kuma cunkoso ma ba ya barin a kai hakan. Ba hanya ce ta zuwa filin jirgi ba. Wasu tsofaffin samfurin baƙar tasi suna da 'yar kujerar yaro da ke naɗe a tsakiyar kujerar baya, amma ta yaran da suka tasa ce, ba ta da amfani ga jinjiri. Ta fuskar kuɗi kuwa mita ce ke aiki, tana ƙirga tazara da lokaci, don haka daga Heathrow zuwa tsakiyar gari ba abin mamaki ba ne kuɗin ya tasar wa fam 100 idan hanya ta cushe.

Motocin da ake kira ta manhajar waya, irin su Uber da Bolt, suna cikin rukunin motocin haya da hukumar sufurin Landan, TfL, ke ba lasisi, kuma sassaucin dokar ya shafe su. Galibi sun fi baƙar tasi araha, ana ganin kuɗin kafin a shiga, ana ganin sunan direba da lambar mota, ana kuma iya tura wa wani hanyar da ake bi ya riƙa gani a wayarsa, abin da ke kwantar da hankalin matar da ta fita ita kaɗai da yaro. Amma ga mai jariri da ba shi da kujera, wannan ce mafi raunin hanyoyin duka. Ƙaramar mota ce ta yau da kullum, dole a naɗe keken a sa a but, yaron ya koma cinya, babu ko ɗan tallafin da keken ke bayarwa a baƙar tasi. Bugu da ƙari, kada a ɗauka direban zai zo da kujera, kuma wasu direbobin da zarar sun hango jariri babu kujera sai su ƙi ɗauka, su soke tafiyar. Mutum ba zai ga laifinsu sosai ba, amma shi ne za a bari a tsaye a bakin titi da kaya. Da zarar kuwa iyali suna da tasu kujerar, sai lissafin ya juye gaba ɗaya, motar manhaja ta koma cikin mafi dacewa, domin an haɗa araha da cikakkiyar kariya.

Hanya ta uku ita ce a yi oda tun da wuri daga kamfanin motocin haya da ke kawo kujerar yara idan an nema. Akwai irin waɗannan da yawa, musamman masu jigilar filin jirgi, wasu suna ƙara ɗan kuɗi a kan kujerar, wasu ba sa ƙarawa, kuma direban yakan jira a zauren masu isowa riƙe da allo mai sunan fasinja. Ga iyalin da suka kwana a jirgi, ga akwatuna, ga yaro, wannan sauƙi ne babba. Inda matsalar take shi ne kalmar kujerar yaro tana da faɗi. Sau da yawa iyaye sukan rubuta cewa suna da yaro, direba ya iso da kujerar ɗan shekara huɗu mai kallon gaba, ko ma ɗan matashin da ake ɗora babban yaro a kai don bel ya yi masa daidai, alhali jaririn wata biyar ne. Maganin wannan shi ne a rubuta watannin yaron da nauyinsa da tsawonsa a cikin odar, a faɗa ƙarara cewa mai kallon baya ake so, a nemi su tabbatar a rubuce, sannan a sake tuntuɓarsu kwana ɗaya kafin tafiya. Ko da kujerar ta zo daidai, ba a san tarihinta ba, ba a san ko ta taɓa shiga haɗari ba, kuma ba kowane direba ne ya iya ɗaura ta ba. Uba ya sa hannu ya girgiza ta daga inda bel ya ratsa. Idan tana rawa sosai, a kwance a sake ɗaurawa kafin a sa yaro, ko da direban yana duba agogo.

Hanya ta huɗu, wadda na fi karkata gare ta ga duk wanda jaririnsa bai wuce shekara ɗaya ba kuma zai yi fiye da 'yan kwanaki, ita ce iyali su mallaki tasu kujerar. Kujerar jarirai ta farko, mai hannu kamar kwando, wadda a tsohon tsarin auna nauyi take ɗaukar yaro har kilo 13, tana da wata fa'ida da manyan kujeru ba su da ita: yawancinsu ana iya ɗaura su da bel ɗin mota kaɗai, ba sai da gindin da ake maƙalawa a ƙarfen ISOFIX, wato maƙalin da ke jikin kujerar motar, ba. Wato za ta shiga baƙar tasi, ta shiga Uber, ta shiga motar kawu, duk da bel ɗin da ke ciki. Da yawa kuma suna hawa kan ƙafafun keken jariri idan an sayi 'yan maƙalan da suka dace, sai ya zama a kan titi keke ne, a cikin mota kujera ce, ƙafafun kawai ake naɗewa. Kamfanoni irin su Maxi-Cosi da Joie da Cybex duk suna yin wannan, akwai kuma Doona wadda tayoyinta a jikinta suke, ana naɗe su ta koma kujera, sai dai ta fi sauran nauyi da tsada.

Tambayar da ke biyo baya ita ce a taho da ita daga gida ko a saya a can. Galibin kamfanonin jiragen sama suna barin mai jariri ya saka kujerar mota da keke a cikin kaya kyauta, amma a duba ƙa'idar kamfanin da aka yanki tikitinsa, a kuma naɗe kujerar da kyau, zai fi a cikin kwalinta, domin jifar da ake yi wa kaya na iya tsaga ta a inda ido ba ya gani. Muhimmin abin dubawa shi ne tambarin da ke manne a jikinta, yawanci ruwan lemo, mai harafin E a cikin da'ira da lambar R129 ko R44, domin su ne aka amince da su a Birtaniya. Kujeru da yawa da ake samu a kasuwannin gwanjo na gida daga Amurka aka kawo su, tsarin gwajinsu daban ne, ba su da wannan tambarin, kuma ba a san abin da suka gani ba kafin su iso. Wanda ba shi da mai tambarin, ya fi masa sauƙi ya tura wa ɗan'uwansa kuɗi ya saya sabuwa a Argos ko Halfords ko Smyths ko John Lewis ya zo da ita filin jirgi. Mafi araha daga cikin sababbin ma ta cika sharuɗɗan gwajin da doka ta gindaya, kuma kuɗinta bai kai na zuwa da dawowa filin jirgi a baƙar tasi ba. Masu tuna shagunan Mothercare su sani cewa an rufe su a Birtaniya tun farkon 2020, kada a ɓata lokaci ana nema.

Mallakar kujera ba ta wadatar ba sai an iya ɗaura ta, kuma bakin titin Landan, direba na jira, motoci na danna ham a baya, ba wurin koyo ba ne. A gwada a gida ko a masauki har hannu ya saba. Ana ajiye ta a kujerar baya mai kallon gaba, yaron yana fuskantar bayan mota. Ɓangaren bel na cinya ya ratsa ta 'yan ƙugiyoyin da ke gefe biyu a saman ƙafafun yaron, ɓangaren kafaɗa ya zagaya ta bayan kujerar ya shiga tasa ƙugiyar, waɗanda masu ƙerawa kan yi wa launin shuɗi ko kore don a gane su, sannan a ja bel ɗin har ya ɗame, a kuma sa hannun kujerar a matsayin da littafinta ya ce. A baƙar tasi ba a ɗaura ta a kujerun da ake saukewa masu kallon baya, sai a doguwar kujerar baya. Ba a kuma sa ta a gaba kusa da direba inda jakar iska mai kumbura a lokacin karo ke aiki, domin idan jakar ta fashe bayan kujerar za ta doka, daidai inda kan yaron yake. Doka ma ta hana wannan.

Akwai kuskuren da sanyi ke jawowa, kuma mutanen da suka fito daga ƙasar zafi sun fi faɗawa cikinsa. Uwa ta sauka a watan Janairu, ta ji iskar da ba ta taɓa ji ba, sai ta naɗe yaron cikin rigar sanyi mai kumburi, ta ƙara hula da bargo, sannan ta ɗaure shi a kujera a haka. Madaurin zai yi kamar ya ɗame, amma a kan iskar da ke cikin rigar ya ɗame, kuma a lokacin karo rigar za ta lotse, yaron ya samu sararin zamewa. Abin da ya dace shi ne a cire rigar mai kauri, a bar shi da tufafi marasa kauri biyu ko uku, a ja madaurin har ya zama ba za a iya tsunkulo shi da yatsu biyu a kan kafaɗarsa ba, sannan a lulluɓa bargo a sama. Cikin mota da ɗumi, zafin da ya yi yawa ma illa ne ga jariri. Haka kuma kujerar ba gado ba ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa biyu a cikinta a jere, sabon haihuwa kuwa ƙasa da haka sosai, domin kansa na iya rinjayowa gaba ya takura numfashinsa. Babba ya zauna kusa da shi yana duba fuskarsa, idan an isa masauki kuma a ciro shi ko da yana barci. Idan kuka ya tsananta a hanya har sai an ba shi nono, a roƙi direba ya samu wuri ya tsaya, kada a kwance shi mota na tafiya.

Duk wannan ya sa ya kamata a tambayi kai ko ma ana bukatar tasin. Landan na cikin biranen da mai jariri zai iya yin makonni bai shiga ƙaramar mota ba. Layin jirgin Elizabeth da aka buɗe a watan Mayun 2022 yana tashi daga Heathrow ya ratsa Paddington da Bond Street da Tottenham Court Road da Liverpool Street da Whitechapel har Canary Wharf da Woolwich, jiragensa masu faɗi ne, kuma kowace tasharsa ana iya isa bakin jirgi daga titi ba tare da hawa matakala ba. Jirgin Heathrow Express yana kai wa Paddington cikin minti 15, da tsada amma da wurin kaya. Daga Gatwick akwai jirgin da ke zuwa Victoria cikin kusan rabin awa, da na Thameslink da ke ratsa tsakiyar gari. A jirgin ƙasa ba a bukatar kujera ko bel, kuma haɗarin da ake gudu a babbar hanya ba ya nan. Layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne mafi araha daga Heathrow, amma jiragensa matsattsu ne, tafiyar doguwa ce, kuma tashoshinsa da yawa a cikin gari ba su da lif. A dukan tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba matakala. A nan ne goyo yake nuna amfaninsa: matar da ta goya ɗanta da zane da majanyi tana hawa matakala hannunta biyu a sake, yayin da mai keke ke tsaye tana jiran wanda zai kama mata. Wurin goyo jirgi ne da bas da tafiyar ƙasa. A ƙaramar mota ne kawai ba shi da wuri.

Bas ɗin Landan ma ana tura keke ciki, a tsayar da shi a filin da ke tsakiya a danne birki, sai dai mai keken guragu ne ke da fifiko a wannan filin, idan ya zo dole a matsa ko a naɗe. Tun 2014 ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster na biyan kuɗin sufuri ko katin banki da ake dangwalawa, kowane babba da nasa, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuwa kyauta suke shiga. A guji safiya da yammacin ranakun aiki, lokacin da ko babba da ƙyar yake samun wurin tsayawa.

Idan aka jera hanyoyin nan, abin da ke raba su ba farashi ba ne, gudun hanyar da za a bi ne da kuma ko akwai kujera. Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: motar da ke gudun mil 40 tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin mai gudun mil 20. Hanyar Heathrow, mai tazarar kusan kilomita 24 daga tsakiyar gari, ta M4 da A4 ake bi. Ta Gatwick ta fi tsawo, kusan kilomita 45, kuma a manyan hanyoyin Birtaniya iyakar gudu tana kaiwa mil 70. Saboda haka tafiyar filin jirgi, zuwa da dawowa, ita ce wadda bai kamata a yi ta da jariri a cinya ko a keke ba ko kaɗan. Ko dai a ɗaure shi a kujera, ta gida ko ta kamfanin da aka yi wa oda, ko a bi jirgin ƙasa. Mai kwana uku ko huɗu a tsakiyar gari, wanda masaukinsa ke kusa da tashar layin Elizabeth, zai iya haƙura da sayen kujera, ya dogara da jirgi da bas, ya ajiye baƙar tasi don ranar ruwan sama ko dawowa daga asibiti. Wanda zai sauka a unguwannin gefe, inda kusan kowace fita sai da mota, ko wanda zai yi wata ɗaya zuwa sama, sayen kujera ya zame masa tilas tun ranar farko.

Wanda ya fi shan wahalar zaɓi shi ne mai yaron da ya wuce kujerar kwando, ɗan shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Kujerarsa babba ce, mai nauyi, ba ta hawa kan keke, ba kuma za a yi yawo da ita a gari ba, shi kuwa bai isa ɗaura bel ɗin manya ba, ga shi ba ya zama wuri ɗaya. Ga irin wannan iyali, motar oda mai kujera don doguwar tafiya da jirgi da bas don zirga-zirgar yau da kullum ita ce haɗin da ya fi aiki. Mai yara biyu ƙanana kuma ya nemi babbar mota tun a wurin oda, domin kujeru biyu da babba ɗaya ba sa shiga bayan ƙaramar mota cikin sauƙi, balle a ƙara akwatuna da keke.

Shiga da fita daga motar ma suna da nasu haɗarin, saboda a Birtaniya hannun hagu ake tuƙi, saɓanin Najeriya da Nijar, kuma ido yakan duba inda ya saba. A sa yaro a kuma ciro shi ta ƙofar da ke gefen masu tafiya a ƙasa, a duba masu keke da babur kafin a buɗe ƙofa, kuma wajen sauka a fara fito da keken a danne birkinsa kafin a ɗauko yaron. Duk wanda ya tare ku a zauren filin jirgi ko bakin tasha yana tayin mota, ko da ya yi muku magana da harshen gida, a ba shi haƙuri. Motar haya da ba baƙar tasi ba, dole sai ta hanyar oda, wanda ya ɗauki fasinja a titi ya karya doka, kuma inshorarsa ba lallai ta rufe tafiyar ba. Motar haya mai lasisi tana da tambarin TfL a gilashin gaba da na baya, a kuma gwada lambarta da wadda aka turo a waya kafin a buɗe ƙofa. Odar motar komawa filin jirgi kuwa a yi ta kwana biyu kafin ranar, da kujerar a rubuce a ciki, musamman idan jirgin na safe ne, domin da asuba ba a cika samun kamfanin da zai kawo kujerar jariri nan take ba, kuma jiragen ƙasa na farko ba lallai su kai ku a kan lokacin awon kaya ba.